Yadda muka bi sawun kuɗin kawuna bayan an sace masa waya

Sana'ar POS nake yi a Kano, kullum ina cikin rigimar tiransifa da alat da kuɗin da suka maƙale a hanya. Duk da haka, sai da aka zare wa kawuna waya a cikin adaidaita sahu sannan na taka wannan hanya da ƙafata, daga banki zuwa kotu, daga caji ofis zuwa ofishin kamfanin layi. Na rubuta yadda abin ya gudana ne don wanda irin haka ta same shi ya san ƙofar da zai fara bugawa da takardar da zai riƙe a hannu. Yawancinmu idan aka sace waya, kuɗin wayar muke jimami. Shi kuwa ɓarawon yanzu layin da ke ciki yake so, domin layin da alat ke shigowa ta kansa shi ne makullin shagon mutum.

Ranar Alhamis ce bayan Magariba aka ɗauke wayar. Kawu bai zo wurina ba sai bayan Isha'i, hankalinsa kwance, ya ce, "Ɗana, gobe ka raka ni a yi mini welkam bak, wayar akwai makulli a jikinta, ba abin da za su iya." Welkam bak shi ne kamfani ya dawo wa mutum da lambarsa a kan sabon layi. Makullin fuskar waya kuwa ba ya kare layi. Zare shi ake yi a sa a wata wayar, shi ke nan duk saƙon da banki zai aiko ya koma hannun wani. Da layi a hannu, danna *565*0# kawai zai fito da BVN ɗin mai shi, lambobi 11, tsofaffin saƙonni da sababbin alat kuma su nuna bankin da yake hulɗa da shi. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne katin ATM ɗin Kawu yana maƙale a bayan rigar wayar, kamar yadda mutane da yawa ke yi. Bankuna da dama lambobin ƙarshe na kati suke tambaya kafin su bar mutum ya sake lambar sirrin USSD, wato tura kuɗi ta hanyar danna lambobi a waya, don haka wanda ya haɗa layi da kati ya gama samun abin da yake nema.

Abin da muka fara yi a tsaye, kafin kowa ya zauna, shi ne rufe asusun. Kowane banki yana da lambar da ake dannawa daga kowace irin waya, ko ta maƙwabci ce, a sa lambar wayar da ke kan asusun ko lambar asusun, nan take a hana kuɗi fita. A bankuna da yawa lambar tana ƙarewa da 911. Daga wayata na danna, saƙo ya fito cewa an rufe. Bayan nan muka kira sashen kula da abokan hulɗa na bankin. An bar mu a kan layi muna sauraron kiɗa har katina ya kusa ƙarewa, saboda haka mai kira ya tanadi kati isasshe. Da aka ɗauka, sai da suka ji muryar mai asusun da kansa, suka tambaye shi cikakken suna, ranar haihuwa, sunan mahaifiya, da kuɗin ƙarshe da ya tuna ya shiga ko ya fita. A wannan kira a fayyace abin da ake so ɗaya bayan ɗaya: a rufe kati, a rufe USSD, a rufe manhajar banki ta waya, a sa wa asusun PND, wato kuɗi su iya shiga amma ba su fita. Kada a kashe waya sai an karɓi lambar ƙorafi an rubuta ta. A nan ne ma'aikaciyar ta karanto mana abin da ya riga ya fita: naira 20,000 sau huɗu zuwa asusu biyu, da katin waya na naira 20,000. Kawu ya yi shiru, sai salati kawai yake yi.

Akwai dalilin da ya sa suka yanka kuɗin haka. Tun 2018 Babban Bankin Najeriya, CBN, ya ƙayyade cewa USSD ba za ta wuce naira 100,000 a rana ba sai mai asusu ya nemi ƙari da kansa, kuma duk abin da ya haura naira 20,000 a tashi ɗaya sai an haɗa da wata shaida ta biyu. Ɓarayin sun san wannan sarai. Suna cinye kason ranar, su jira sha biyun dare ta buga, lissafi ya koma sabo, su sake ɗibar wani. Rufewar da muka yi kafin tsakar dare ita ta tsare ragowar jarin Kawu a wannan bankin.

Daga nan muka kira kamfanin layi a kan 300, lambar da duk kamfanonin suka koma amfani da ita tun 2023. Da layin kamfani ɗaya da wanda aka sace ake kira. Sun tambayi NIN, da lambobin da aka fi kira, da katin ƙarshe da aka sa, suka ce sun karɓi buƙatar dakatar da layin, amma bai mutu a daren ba. Shi ya sa nake cewa banki a gaba, layi a baya: rufe asusu minti ɗaya ne, dakatar da layi kuwa yana iya ɗaukar sa'o'i. Abin da bai faɗo wa Kawu a rai ba a daren shi ne yana da wani asusun na manhaja, irin waɗanda lambar wayar mutum ce lambar asusunsa, inda masu sayen kaya ke tura masa kuɗi. Irin wannan asusu ya fi sauƙin faɗawa hannun mai riƙe da layi, tunda lambar OTP ɗin sake shiga, wato lambar sirri ta amfani sau ɗaya da ake turowa ta saƙo, kan layin take zuwa. Kafin Asuba an kwashe naira 140,000 daga ciki. Duk wanda ke taimakon wani a irin wannan dare, ya zaunar da shi ya lissafo kowane asusu da ya taɓa buɗewa da wannan lambar, har wanda ya manta da shi, a rufe su gaba ɗaya.

Da safiyar Juma'a muna bakin banki kafin a buɗe ƙofa ƙarfe takwas. Ba layin masu cire kuɗi ake bi ba, teburin kula da abokan hulɗa ake nufa kai tsaye. Mun tafi da takardar NIN, da lambar BVN, da hotunan fasfo, da wasiƙa da na rubuta da dare zuwa ga manajan reshe. A wasiƙar na sa lokacin da aka sace wayar, lokacin da aka rufe asusun, lambar ƙorafin da aka ba mu, da jerin kuɗin da suka fita, tare da bayyana cewa mai asusu bai ba kowa izini ba. Kwafi biyu ake yi, a miƙa ɗaya, a sa su buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗayan a dawo da shi gida. Wannan hatimi shi za a nema a kowane ofishi na gaba. Sai sitatimen, wanda aka caje mu naira 20 kowane shafi, shi ma a ce a buga masa hatimi. Abin da ya fi komai amfani, wanda kuma ba za a ba ka ba sai ka tambaya, shi ne seshon ID na kowace tiransifa, lambobi 30 da ke bin kuɗi daga banki zuwa banki, haɗe da sunan wanda aka tura wa, lambar asusunsa da bankinsa. Ba tare da su ba, bankin da ya karɓi kuɗin zai ce bai ga abin da kake magana a kai ba. Tun 2015 CBN ya wajabta wa bankuna su kafa teburin yaƙi da damfara da ke aiki dare da rana, kuma su ne ke tuntuɓar takwarorinsu na ɗaya bankin a riƙe kuɗin. Na roƙi ma'aikaciyar ta tura musu saƙon muna zaune, ta kuma yi.

Kawu ya tambaye ta, "'Yata, to yaushe za a mayar mini?" Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, tunda da lambar sirri aka fitar, banki ba zai biya daga aljihunsa ba. Abin da aka tarar bai fita daga can ba, shi za a iya riƙewa, kuma mayar da shi sai da odar kotu." Maganar ta yi masa ɗaci, amma gaskiya ta faɗa, kuma gara a ji ta tun ranar farko. Mun biya naira dubu ɗaya da 'yan kai aka yi masa sabon kati, ya sa sabuwar lambar sirri, muka bar PND ɗin a kai har sai layi ya dawo hannunmu.

Juma'a gajeriyar rana ce a ofisoshi, don haka daga banki muka wuce babbar kotu neman takardar rantsuwa. Masu buga takardu suna nan a bakin ƙofa, sun saba da aikin, amma a karanta abin da suka buga kafin a biya, domin tsohon rubutun wani suke gyarawa. A tabbatar an sa lambar layin daidai, da samfurin wayar, da lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, idan kwalin yana gida, da katin ATM, da rana da lokacin satar. Lokacin nan yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin shi ke raba abin da mai asusu ya yi da abin da ɓarawo ya yi. Aka manna hoto, aka biya kuɗin kotu aka karɓi rasit, kwamishinan rantsuwa ya sa hannu. Duka da kuɗin bugu bai kai naira 3,000 ba. Da wannan takarda muka je caji ofis na unguwar da abin ya faru, Kawu ya ba da jawabi aka rubuta a littafi, aka haɗa mu da ɗan sanda mai bincike. A ƙa'ida kai rahoto kyauta ne, amma an nemi kuɗin takarda kafin a ba mu kwafin rahoton. Na ce, "Yallaɓai, a taimaka a sa lambobin asusun da aka tura wa kuɗin a cikin rahoton," aka sa. A karɓi sunan mai binciken da lambarsa, domin banki da lauya duk za su tambaya.

Welkam bak sai washegari ya yiwu. Babban ofishin kamfanin muka je, ba rumfar bakin titi ba. Layi dogo ne, gara a yi sammako. Sun karɓi takardar rantsuwa da NIN, suka ɗauki hoton fuska da zanen yatsa suka gwada da abin da ke rajista, suka sake tambayar lambobin da aka fi kira. A gabanmu aka mayar da wani dattijo saboda layinsa da sunan ɗansa aka yi rajista, ɗan kuma ba ya gari. Wanda ya san layin alat ɗinsa ba da sunansa yake ba, ya je ya gyara tun lafiya lau. Idan kamfani ya yi ta ja maka rai, hukumar sadarwa ta NCC tana karɓar ƙorafi kyauta a kan 622. Da sabon layin ya kama sabis da yamma, tsohon ya mutu a hannun ɓarayin, sai ga saƙonni suna shigowa. A ciki akwai na wani kamfanin bashi na intanet yana tuna wa Kawu ranar biyan naira 35,000 da bai san an ci da sunansa ba.

Akwai kuma WhatsApp. Tun daren farko sun buɗe shi a wayarsu suna aika wa 'yan uwa cewa Kawu yana asibiti a turo kuɗi. Allah ya taimaka mun riga mun sanar a zauren dangi da na 'yan kasuwa, ba wanda ya tura. Da layi ya dawo muka sake rajista, lambobi 6 suka shigo ta saƙo, shigar da su kuma ya fitar da wancan daga ciki. Sai dai sun sa tasu lambar sirri ta mataki na biyu, wanda hakan ke nufin jiran kwana 7 kafin a shiga ba tare da ita ba. Ba wata dabara a nan, kuma duk wanda ya ce zai buɗe maka kafin lokacin idan ka biya shi, kuɗinka yake so.

A makon da ya biyo muka kai wa kamfanin manhajar takardu iri ɗaya da na banki, a ofishinsu da kuma ta imel. Su ne suka kawo labari mai daɗi guda ɗaya: naira 60,000 daga cikin kuɗin suna nan a wani asusu a wani bankin, an riƙe su kafin a cire. Sauran an bi da su ta asusu biyu zuwa uku an fitar a wurin masu POS. Wannan ya taɓa ni, domin sana'ata ce. Yaro zai zo da dare ya ce a turo masa kuɗi ta na'urarka ya karɓi tsaba, kai kana murnar caji, ba ka san kai ne ƙofar fita ba. Idan bincike ya zo, asusunka za a rufe, kai za a fara kira. Ina roƙon 'yan uwana masu sana'ar su riƙa ajiye littafi, su rubuta suna da lambar waya, su duba katin shaida idan kuɗin da yawa ne, su kuma ƙi karɓa idan sunan mai turowa da na mai karɓa ba su da alaƙar da za a iya bayani.

Odar kotu ita ta fi cin lokaci. Kafin a kashe ko sisi, a tambayi sashen shari'a na bankin da ke riƙe da kuɗin irin odar da suke karɓa, domin wasu suna amsar ta kotun majistare, wasu sai ta babbar kotu. A kuma yi lissafi: idan abin da aka riƙe bai kai kuɗin lauya da na shigar da takardu ba, babu riba a bi. Namu lauyan ɗan unguwa ne, ya sassauta mana. Ya haɗa sitatimen mai hatimi, seshon ID, takardar rantsuwa, rahoton 'yan sanda da wasiƙar da ke nuna an riƙe kuɗin. An ɗage zama saboda alƙali bai zauna ba, muka koma. Da odar ta fito, kwafin da kotu ta tabbatar da hatiminta ake kai wa bankunan biyu, ba hoton waya ba. A duba lambobi 10 na asusun da adadin kuɗin harafi da harafi tun a harabar kotu, domin lamba ɗaya ta kuskure banki zai dawo da ita, a sake sabon zagaye. Ko bayan an kai, sai bankin ya aika ya tabbatar daga kotu cewa odar ta gaskiya ce, wanda shi ma makonni ne.

Shi kuwa bankin farko, mako biyu suka wuce ba amsa a rubuce. Ƙa'idar CBN ita ce ka fara kai ƙorafi bankinka, ka ba shi mako biyu, idan bai warware ba ka ɗaukaka zuwa sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna. Ana iya miƙa wasiƙar a kowane reshen CBN, akwai a Kano, ko ta imel, kuma ba a biyan komai. A ciki a sa suna da adireshi da lambar waya, sunan bankin, lambar asusu, ranar da abin ya faru, adadin kuɗin, da shaidar cewa an riga an kai wa banki, wato kwafin nan mai hatimi da lambar ƙorafi. Ba a rubuta lambar sirri a wasiƙa ko da CBN ake kai wa. Bayan haka ne bankin ya amsa a rubuce, ya ce kuɗin da suka fita daga wurinsa an riga an cire su kafin saƙonsa ya isa. Ba abin da muka so ji ba ne, amma takardar ta yi amfani a takardar koken da muka kai ofishin EFCC na Kano. Su ma ba sa karɓar kuɗi, kuma irin wannan laifi yana ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015 da aka yi wa gyara a 2024. Sunayen da ke kan asusun da aka tura wa kuɗi sau da yawa ba na ɓarayin ba ne, na samari ne da suka ba da aron asusunsu ko suka sayar da shi a kan kuɗi kaɗan. Su ake fara kamawa, kuma ana iya sa BVN ɗinsu cikin jerin waɗanda bankuna ke sa wa ido. Iyaye su ja wa 'ya'yansu kunne a kan wannan.

A ƙarshe naira 60,000 ɗin ce ta dawo, bayan kusan wata biyu. Na katin waya da abin da ya fita ta POS sun tafi. A tsakanin nan wani ya kira Kawu da murya mai ladabi, ya ambaci sunansa da bankinsa, ya ce daga hedikwata yake, za a mayar masa da kuɗinsa idan ya karanto lambar da za ta shigo yanzu. Kawu ya kashe ya kira ni. Waɗanda suka yi satar suna da bayanan mutum, su ko abokansu sukan dawo zagaye na biyu. Banki ba ya neman OTP ko lambar sirri ko lambobi 3 na bayan kati don ya mayar wa mutum kuɗi, lambar asusu kaɗai ta isa.

Gyaran da muka yi bayan haka bai ci ko kwabo ba. Na farko mun sa wa layin kansa lambar sirri. A saitin waya, ɓangaren tsaro, akwai wurin kulle SIM, kuma da zarar an kunna shi, duk wayar da aka sa layin sai ta nemi lambar kafin ya yi aiki. A tambayi kamfani lambar asali da layin ya zo da ita, kada a yi ta cinke, domin kuskure sau 3 yana kulle shi sai da PUK, lambobi 8 da ke jikin katin da aka ɓallo layin, kuskure sau 10 a PUK kuma yana kashe layin gaba ɗaya. Sannan Kawu ya raba kati da waya, ya mayar da layin alat cikin ƙaramar waya da ke zama a gida, ya sa an cire USSD daga asusun da jarinsa yake, ya bar ta a ƙaramin asusu na cefane. Asusun manhaja kuma kullum da yamma yake kwashe shi. WhatsApp ya sa masa lambar mataki na biyu. Lambobin rufe asusu na kowane banki da yake hulɗa da shi mun rubuta su a takarda, ɗaya a shago, ɗaya wurin iyalinsa, domin wanda aka sace wa waya ba shi da inda zai duba.

Maganar bashin ce ta fi daɗewa. Mun rubuta wa kamfanin cewa an ci shi ne bayan lokacin da ke cikin takardar rantsuwa da rahoton 'yan sanda, kafin a yi welkam bak, muka haɗa kwafi, muka ƙi biyan komai, domin biyan ko kaɗan kamar amsa bashin ne. Idan kamfani ya koma barazana ko kiran 'yan uwa yana ɓata suna, hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ce ke sa ido a kansu. Yana da kyau kuma a nemi rahoton bashi daga ɗaya daga cikin kamfanonin da ke ajiye tarihin masu cin bashi, irin su CRC ko FirstCentral, a ga ko an ci wani da ba a sani ba. Watanni bayan mun ɗauka an gama, wani sabon ma'aikacinsu ya sake kira yana neman kuɗin har da ruwa. Kwafin wasiƙarmu da amsar da suka ba mu ta imel muka tura masa, tun daga nan ba su ƙara kira ba. Saboda haka kowace takarda, har rasit ɗin kotu, a yi mata kwafi a ajiye a fayil ɗaya, a kuma ɗauki hotonta a tura wa wani amintacce a gida.